Kamfanin da Zai Rayu Bayan Mai Shi

Lacca ga magina, injiniyoyi da masu zanen gini, a Sae Sabuwa



Iyayenmu sarakuna da masu gari, malamanmu, shugabannin ƙaramar hukumar Sae Sabuwa, iyayena magina da suka riƙe cokalin gini tun ban san dama da hagu ba, ƙannena da ƴaƴana da kuka taso daga Gidan Rumji, Tibiri, Agye da Gazawa, sannunku da zuwa. Allah ya saka da alheri da kuka bar ayyukanku kuka zauna saurare.

An nemi in yi magana kan yadda ake riƙe kamfanin gini ko ofishin zanen gine-gine, da abin da ake so ga mai jan ragamarsa. Zan fara da wata doka da yawancinmu muka karanta a makaranta muka manta. A dokar da ƙasarmu ta gada daga Faransa, in gini ya rushe saboda aibin aiki, ko ma saboda aibin ƙasar da aka kafa shi a kai, alhakin yana wuyan mai zane da ɗan kwangila har shekara 10. To ku tuna allunan kamfanonin da kuka gani kafe a bakin ayyuka a jihar Maraɗi shekara 10 da suka wuce. Nawa ne a cikinsu za a buga wa waya yau a samu mai ɗauka? Ni dai da na zauna na lissafa waɗanda muka fara tare, sai jikina ya yi sanyi. Doka ta ɗaure mu shekara 10, da yawanmu kuwa kamfaninmu ba ya kai rabin haka. Ginin yana nan, yara suna zaune a ƙarƙashinsa, mai amsa tambaya a kansa ya daɗe da rufe ofis. Wannan shi ne abin da ya dame ni, kuma a kansa zan tsaya yau.

Bari in fara da kaina. A 2019 na karɓi aikin azuzuwa uku a wani ƙauye. Mun yi takara da wasu kamfanoni, na san suna neman aikin ido rufe, sai na sauke farashina har ƙasa don in kada su. Na kada su kuwa. A watan Agusta na wannan shekarar Najeriya ta rufe iyakokinta, kayan da muke ɗaukowa ta Jibiya da Ɗan Isa suka yi tsada, takardar da na sa wa hannu kuma ba ta da ko layi ɗaya da ya ce za a sake duba farashi in kasuwa ta juya. Sai na wayi gari da hanya biyu a gabana: in rage siminti da ƙarfe in fita da ƴar riba, ko in cika aikin daga aljihuna. Na sayar da filin da na ajiye wa iyalina na cika. Ban faɗi wannan don a yabe ni ba. Na faɗa ne don ku ga inda ɓarnar ta faro: ranar da na rubuta farashin da na san da ƙyar zai ɗauki aikin. Wanda ba shi da filin sayarwa, a ranar ne aka rage simintin ginin, tun ba a haƙa harsashi ba.

Saboda haka, ƙannena, ku koyi lissafin aiki kamar yadda kuka koyi lissafin ginshiƙi. Matashi yakan zauna ya tara kuɗin siminti, ƙarfe, yashi, tsakuwa, kwano da ladan ma'aikata, ya ɗora ɗan abin da zai samu, ya ce ya gama. Ina kuɗin jigilar tsakuwa zuwa ƙauyen da mota ke kafewa a jigawa kafin ta isa? Ina kuɗin ruwa, a wurin da sai an yi hayar amalanke ta ɗebo shi daga rijiya mai gaba talatin, alhali kankare yana son a shayar da shi mako guda cur, kuma ba ya kai ƙarfinsa sai kwana 28? Ina haraji, ina hayar ofis, ina kashi 5 cikin ɗari da ake riƙewa sai an yi karɓar ƙarshe? Ina watannin da za ka yi kana jiran baitulmali ya biya, leburori kuwa ba su san wannan zance ba, ranar kasuwa suke son kuɗinsu? Duk abin da ba ka sa a takarda ba, ginin ne zai biya shi. Kankaren da ya kamata a zuba wa buhu 7 a kowace mita kubik sai a zuba masa 5. Bulo ya zama na algus, ka murza shi da yatsa ya zube. Araha ba ta ado, a gini kuwa araha kan kai ga jana'iza. Kuma mu da ke bakin iyaka mun sha darasin nan sau biyu, a 2019 da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da aka sa wa ƙasarmu takunkumi. Duk wanda ya sake sa hannu a kwangila mai tsawo ba tare da sharaɗin sake duba farashi ba, da gangan ya yi.

Sai kafin alƙalami. Kuɗin nan da ake ba ka don fara aiki ba naka ba ne. Na siminti ne da ƙarfe, amana ce aka ba ka ajiya. Na ga waɗanda suka karɓe shi ranar Litinin, ranar Juma'a an gan su da sabuwar mota, wata na kamawa aka ɗaura aure. Daga nan sai a shiga cin kwangilar gobe don a toshe ramin ta jiya, har ranar da ta gobe ba ta zo ba. Maganin ba shi da wuya, sai dai yana da ɗaci: aljihun kamfani daban, aljihun maigida daban. Ka yanka wa kanka albashi kamar kowa, ka tsaya a kansa. Ka ɗauki mai rubuta shige da fice, ko da na rabin yini ne, kuma ka ba shi ikon ce maka babu.

Mu a nan muna da abin koyi a kasuwanci. Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya wallafa littafi sukutum a 1986 kan alhazan Maraɗi, yadda suka taso daga cinikin gyaɗa har suka riƙe fataucin da ke tsakanin Nijar da Najeriya. Ƙarfinsu amana ce, da zumuncin ubangida da baransa: yaro ya yi shekaru yana hidima, ubangida ya ba shi jari ya tsaya da ƙafafunsa. Wannan ku riƙe shi gam. Amma akwai rauni da muka gada tare da ƙarfin. Komai yana cikin kan Alhaji: wanda ake bi, wanda ke bi, alkawarin da aka yi a zaure. Ranar da ya faɗi, aka raba gado, wannan ya ɗauki mota, wancan ya ɗauki shago, sunan gidan ya watse. Fatauci ma yana jin jiki da haka, balle gini mai alhakin shekara 10. Hukuncin gado ba abin taɓawa ba ne, kuma ba sai an taɓa shi ba. Dokokin kasuwanci na OHADA, da Nijar take ciki, sun ba da damar kafa kamfani mai hannun jari. In an yi haka, magada sai su raba hannun jarin, kowa da rabonsa na shari'a, injin kwaɓa kankare da tifa da ma'aikata su ci gaba da aiki wuri ɗaya.

Yanzu in zo kan tambayar da matasa suka fi yi mini: ina aikin yake? Yawancinku idonku yana Yamai, ko yana kan layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, da aka ɗora harsashinsa a Fabrairun 2021. Aikin nan na kusan dala biliyan 2 kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba. Ba da shi za mu yi kokawa ba. Abin da zai iya faɗo mana shi ne ƙananan ayyuka a ƙarƙashinsa, kwalbatoci, awon ƙasa, gine-ginen tasha, shi ma sai ga wanda takardunsa suka cika: rajistar kasuwanci, lambar haraji, shaidar biyan kuɗin asusun ma'aikata na CNSS, da jerin ayyukan da ya gama aka karɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku shirya su tun yanzu, in ƙarfin mutum ɗaya bai kai ba ku haɗu uku ko huɗu ku shiga takara da suna ɗaya.

Amma aikin da ya fi kusa da mu, mun san shi da hawaye. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta tashi a azuzuwan zana a cikin garin Maraɗi, yara ƙanana aƙalla 25 suka rasu. Watanni bakwai kafin nan irin haka ta faru a Yamai. A lokacin hukumomi da kansu suka ce akwai azuzuwan zana kimanin 36,000 a faɗin ƙasa. Ranar 30 ga Agusta 2024 ruwan sama ya zuba a Maraɗi kamar da bakin ƙwarya, gidaje suka rushe, aka yi asarar rayuka. Kakanninmu ma sun gani: ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon garin Maraɗi daga kwarin gulbi ya hau tudu. Aji mai sauƙin kuɗi da wuta ba ta ci, gida da ke jure damina, magudanar ruwa, ɗakin haihuwa, rumbun ajiyar hatsi da ba ya yoyo, wannan shi ne abin da ƙasar nan take nema, kuma za ta daɗe tana nema. Kamfanin da ya zaɓi ɗaya daga ciki, ya ƙware a kai har aka san shi da shi daga Gidan Rumji zuwa Gazawa, ya fi wanda yau yana gini, gobe yana kawo wa ofis takarda da biro, jibi yana haƙa rijiya. Allon da aka rubuta sana'a goma a kai, ni in na gan shi tsoro nake ji.

Ina da shaidu biyu, kuma dukansu ƴan ƙasar nan ne.

Na farko Alhaji Falke Barmu, magini kuma manomi daga Yama a jihar Tawa. A 1962 ya fara gina wa garinsu masallacin Juma'a da ƙasa, mutanen gari suna kawo ruwa da tubali da itace, kowa da abin da ya iya. Daga 1975 ya koma kansa, ya sake rufin da bakan gizo da tulluwa, ya ɗaga hasumiya huɗu a kusurwoyi, ba wadda ta yi kama da ƴar'uwarta, aka kammala a 1982. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan, wadda manyan masu zanen gini na duniya suke mafarkinta. Shekara 20 mutumin nan yana kan gini ɗaya, da ƙasar da yake takawa, da mutanen da yake sallah da su.

Ta biyu Mariam Issoufou, wadda aka fi sani da Mariam Kamara. Ilimin kwamfuta ta fara yi a Amurka, ta yi aiki da shi, sannan ta koma aji ta karanta zanen gini. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai, ta raɗa masa sunan Hausa, Masomi. Ku lura da abin da ta zaɓa. A garin da kowa ke ganin ginin ƙasa alamar talauci ce, ita ta tsaya kan tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji, da ɗan siminti kaɗan a ciki, wanda ke riƙe sanyi a watan Afrilu lokacin da ɗakin bulo da kwano ya zama tanda. Da shi ita da abokan aikinta suka gina gidajen Niamey 2000 a 2016. Sai aikin Dandaji, a jihar Tawa, da ta yi tare da Yasaman Esmaili aka gama a 2018. A can akwai tsohon masallaci, ginin Alhaji Falke Barmu ɗin nan, ya tsufa har ana maganar rushe shi. Suka ce a bar shi, aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a gefensa. Abin da ya fi burge ni shi ne, sun nemo maginan da suka yi tsohon ginin suka sa su cikin aikin. Tsofaffin suka koyar da abin da hannunsu ya sani, suka kuma koyi sabuwar dabara. Ta kai ga koyarwa a babbar jami'ar fasaha ta Zurich, aka kuma kira ta aiki a Laberiya da Senegal. Da ta tsaya yin irin ginin da kowa ke yi, da tana cikin layi tana jiran rabo kamar kowa. Haka Francis Kéré na Burkina Faso, da makarantar firamare ta ƙauyensu Gando ya fara a 2001, da tubalin ƙasa, ya kai ga kyautar Pritzker a 2022.

Ba ina cewa kowa ya koma ginin ƙasa ba. Ƙasa tana da sharuɗɗanta: a gwada ta kafin a buga tubali, a ɗaga harsashi da dutse ko kankare ya wuce inda ruwa ke kwanciya, rufi ya yi baki mai faɗi, indararo ya jefa ruwa nesa da bango, a kuma riƙa dubawa. Wannan dubawar ma kasuwa ce da ba wanda ya kama. A Agustan 2023 wani sashe na tsohon masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masallata, a Satumban 2024 tsohon masallacin Damagaram ya faɗi bayan ruwa mai yawa. Da wuya gini ya faɗi bai yi gargaɗi ba, tsaga takan riga. Me zai hana ƙaramin kamfani ya je wa ƙaramar hukuma da yarjejeniyar shekara, kowace bazara ya zagaya makarantu da ɗakunan shan magani, ya duba rufi da bango da magudana, ya gyara ƙanana, ya rubuta manya? Kuɗin ba su da yawa, amma ba sa yankewa, kuma irinsu ne ke riƙe albashi tsakanin kwangila da kwangila.

In koma kan shugaba. A ganina ana gane shugaban kamfanin gini ranar da ya ce a'a. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi, cikin Legas, ya rushe, mutum fiye da 40 suka mutu, har da mai ginin. Bayan haka jaridu suka fito da wasiƙar da kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya rubuta tun Fabrairun 2020, yana janye hannunsa saboda ba zai iya tsaya wa ingancin abin da ake yi ba. Ranar da aka rubuta wasiƙar nan, na tabbata akwai wanda ya ce sun yi wauta, sun bar kuɗi. Namu ba ya kai hawa 21, amma jarrabawar ɗaya ce. Alhaji zai ce ka ƙara masa hawa a kan harsashin da ka lissafa wa ƙasa kaɗai. Wani zai ce a ba ka aikin, amma kashe mu raba, alhali kun san daga jikin ginin za a yanki rabon. Wani zai kawo zanen da ba kai ka yi ba, ya ce ka buga hatiminka kawai, ga na goro. Ka ƙi, kuma ka ƙi a rubuce, ka ajiye kwafi. Za ka yi asarar aikin, wataƙila har da zumunci. Yaranka kuwa suna kallo, abin da suka ga ka yarda da shi a ofis shi za su yi a bakin aiki ranar da ba ka nan.

Yaran nan su ne maganata ta ƙarshe. Masallacin Zariya da na ambata, Babban Gwani Mikaila ne ya gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya kuma tsaya kusan shekara 190. Amma abin da Babban Gwani ya bari ya wuce masallaci. Sunansa ya zama sarautar magina, zuriyarsa suka riƙe sana'ar, har unguwa take amsa sunan a birnin Zariya. A Ingila, injiniya Ove Arup ya kafa kamfaninsa a 1946. A 1970, da ya ga tsufa ya zo, ya tara abokan aikinsa ya shimfiɗa musu abin da kamfanin ya tsaya a kai, daga baya aka mayar da mallakarsa amana a madadin ma'aikata. Ya rasu a 1988, kamfanin yana nan da dubban ma'aikata a ƙasashe da dama. Ɗaya ya bi ta hanyar sarauta da gado, ɗaya ta hanyar takarda, amma kowannensu ya shirya wa ranar da ba ya nan.

Mu fa? Maigida yakan ɓoye wa yaronsa yadda ake fitar da farashi, don kada ya koya ya tafi. Zai tafi ko ka ɓoye, sai dai ya tafi da rabin sani ya je ya ɓata wa sana'ar suna. Ka koya masa, ka biya shi kan lokaci, ka saya masa hular kwano da takalmi, in ya cancanta ka ba shi hannun jari ya zauna. Ku kuma ƴaƴana da kuka fito daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ko makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, ko EMIG ta Yamai, maza da mata, in kun je bakin aiki ku gaida tsohon magini da ladabi, ku tambaye shi. Ya san inda ruwa ke bi a garin tun ba a haife ku ba, ya san ramin da ƙasarsa ke tsagewa da wanda ba ta tsagewa. Ku kuma iyayena magina, in yaro ya ce a jira kankare ya kwana kafin a cire katako, ko ya ce a ƙara ƙarfe, ba raini ba ne, lissafi ne ya nuna masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ina da roƙo ga shugabanninmu na ƙananan hukumomi da duk mai ba da aiki. In aka buɗe takardun takara kuka ga farashin da ya faɗi ƙasa da kuɗin kaya, ku kira mai shi ya nuna muku yadda zai yi, kafin ku ba shi. Ku biya wanda ya gama aiki kan lokaci. Ku je ku ga ginin da ya yi shekara biyar da suka wuce, ku tambayi malaman da ke koyarwa a ciki.

Ku kuma ƴan'uwana masu sana'a, kafin ruwan farko ya sauka, kowa ya koma ginin da ya taɓa yi, ko an kira shi ko ba a kira shi ba. Ya hau rufin, ya duba bangon, ya share magudanar, ya bar lambar wayarsa wurin mai gari. Ƴaƴanmu ne ke zaune a ciki.